Manomin da Ya Yi wa Ƙafar Ɗansa Annabci

Akwai wani mutum a wani ƙauye, manomi ne, yana da gonar dawa da shanun huɗa da 'yan awaki. Ba mai arziki ba ne, amma ba a kwana da yunwa a gidansa. Ɗansa na fari namiji ne, sunansa Habila.

A garinsu ga yadda ake yi: babban yaro shi ke kiwo, har ƙanensa ya tasa ya karɓi sanda, sa'an nan a sake shi ya tafi makaranta. To, bayan Habila mata aka yi ta haifa, namijin da ya biyo bai zo da wuri ba. Sai Habila ya daɗe a bayan awaki. Sa'ad da aka kai shi aji ɗaya, tsararsa sun yi nisa. Ya zauna da yaran da majina ke zubar musu, gwiwoyinsa na bugun tebur. Bai yi gunaguni ba, yaro ne mai haƙuri.

Da ya shiga sakandare a garin da ke kusa, sai aka sa shi cikin 'yan ƙwallo. Lokacin nan ƙirjinsa ya buɗe, muryarsa ta yi kauri, 'yan ajinsu kuwa wuyansu har yanzu kamar na zabo. In ya ɗauki ƙwallo daga tsakiyar fili ba ya neman kowa. Ya sa wa wannan kafaɗa ya faɗi can, ya wuce wancan da gudu, in ya ɗaga ƙafa mai tsaron raga har rufe ido yake yi. Makarantar da ba ta taɓa cin ko cokali ba, sai ga ta da kofin ƙaramar hukuma.

Manomin nan mutum ne mai kunyar ɗan fari, irin ta mutanen da. Bai taɓa kiran sunan Habila da bakinsa ba. "Kai" yake ce masa, in yana maganarsa da wani ya ce "yaron nan". Yabo kuwa ba a ma zancensa. In mutane suka tare shi a kasuwa suka ce, "Baban Habila, jiya ɗanka ya kashe su!" sai ya kau da kai ya ce, "Wasan yara ne." Amma zuciyarsa fari fat.

Ranar wasan ƙarshe na shiyya ya ce wa matarsa zai je duba taki. Ya hau kekensa ya tafi filin, ya laɓe bayan masu rake. Ya ji fili duka na kiran sunan nan da shi bai taɓa furtawa ba. Ya ga ɗansa ya zura ƙwallo, ya sake zurawa, yara suka ɗauke shi sama. Wani mutum da ke kusa da shi, bai ma san ko shi wane ne ba, ya tofar da ɓawon rake ya ce, "Wannan ƙafar ba ta ƙauye ba ce. Turai za ta."

Maganar nan ta shiga manomin ta zauna. Daga nan ko'ina ya juya ita yake ji. Mai shayi ya faɗa, malamin wasanni ya faɗa, har wani dattijon ikilisiya ya riƙe masa hannu bayan sujada ya ce, "In an tafi Turai kada a manta da mu."

Matarsa ce kaɗai ba ta bi su ba. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Maigida, da idona na ga yaron nan yana aske gemu kafin su tafi wasa. Yaran da yake turewa, wasunsu an haife su shi yana bayan awaki."

Ya ce, "Ke me kika sani game da ƙwallo?"

Ta ce, "Ban san ƙwallo ba, amma ni na haife shi. Babba ne a cikin ƙanana. Ka bari ya gamu da tsararsa tukuna."

Ya ce, "Rufe bakinki, kada ki toshe masa hanya."

Ta ci gaba da tankaɗenta.

Sai ranar godiyar kaka ta zo. Aka cika gaban majami'a da dammunan dawa da kaji da kabewa. Da fasto ya ba da lokacin shaida, manomin nan, wanda ko addu'a aka ce ya yi sai ya yi ta laluben magana, ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ina gode wa Ubangiji saboda ɗana Habila."

Tsofaffi suka dubi juna, don ba su taɓa jin sunan a bakinsa ba.

Ya ce, "Ubangiji ya nuna mini ya sa albarkar gidana a ƙafar Habila. Ku riƙe maganata. Za ku gan shi a talabijin, shi zai canza mana rufin majami'ar nan."

'Yan zumuntar mata suka rangaɗa guɗa, aka buga ganga. Habila na zaune cikin mawaƙa, ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan wandonsa. Tunda aka haife shi, ran nan ya fara jin ubansa ya yabe shi.

Amma gaskiyar magana, Ubangiji bai nuna wa mutumin nan kome ba. Daɗi ne ya cika masa ciki, ga kunya ta hana shi ya ce "ina alfahari da ɗana", sai ya jingina wa Allah.

Ba a daɗe ba aka ji wani kulob a babban birni zai yi gwajin matasa. Gwajin kuwa ya faɗo daidai lokacin jarrabawar fita. Uwar ta ce a bari ya rubuta tukuna. Uban ya ce, "Jarrabawa ba ta gudu, wannan kuwa in ta wuce ta wuce." Aka raka Habila tasha, rabin gari suka fito, kamar ana kai amarya.

Da fari yana bugo waya. Ya ce ana nan ana gwaji. Ya ce sun ce a dawo wata mai zuwa. Ya ce akwai wani kulob ɗin kuma. Sai wayar ta fara tsawo tsakani, daga baya in an kira a ji a kashe. Kirsimeti ta zo ta wuce, Habila bai zo ba.

Kowace Lahadi sai an tambayi uban. "Yaya ɗan Turai?" "Wace tasha za mu kama?" Wasu da zuciya ɗaya suke tambaya, wasu da dariya a gefen baki. Har ya koma ficewa daga majami'a kafin a gama waƙar ƙarshe. Abinci ya daina yi masa daɗi. In ya je gona sai ya tsaya da fartanya a hannu yana kallon hanya.

Ran nan matarsa ta ajiye masa ruwa, ta zauna a gabansa ta ce, "Maigida, na yi shiru ya isa. Ka tashi ka nemo mini ɗana. Ba ɗan ƙwallo na ce ba, ɗana."

Kashegari ya sa rigarsa ta zuwa sujada ya shiga mota.

A birni ya yi ta tambaya har aka nuna masa filin kulob ɗin. Ya leƙa. Samari ne fili cike, kowa ƙirji a buɗe, kowa da gudu kamar barewa. Ya ga mai tsawon Habila, ya ga wanda ya fi shi. Ashe kowane ƙauye da nasa Habilan, kowa kuma an rako shi tasha.

Aka kai shi wurin kocin, wani mutum mai furfura da usur a wuya, yana ɗingishi. Suka gaisa, manomin ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Kocin ya ce, "Habila, dogon nan mai ladabi? Na tuna da shi. Baba, in faɗa maka gaskiya?"

Ya ce, "Ita na zo ji."

Ya ce, "Yaronka yana da ƙarfi, yana da zuciya. Amma da ya sa kafaɗa a nan, ba wanda ya faɗi. Kuma bai iya ba da ƙwallo ba, don a makarantarsu bai taɓa bukatar kowa ba. Ba laifinsa ba ne. Ya riga ya gama girma sa'ad da waɗancan ba su fara ba, shi ya sa kuka ga kamar aljani ne."

Can sai idon manomin ya faɗa kan wani saurayi siriri a tsakiyar fili, ƙwallo na zuwa masa yana sallamarta kafin a iso shi. Ya ce, "Kai! Wancan ba ɗan telan garinmu ba ne? Ai a makarantarsu benci yake ɗumamawa!"

Kocin ya yi dariya ya ce, "Shi ne. Ƙanƙanta ce ta koya masa ya rabu da ƙwallo kafin a take shi. Yanzu kuma ƙashi ya zo masa. Mun ɗauke shi."

Manomin ya ce, "To, ashe shi ne zai tafi Turai."

Kocin ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, Baba, kada ka koma gida da wannan kuma. Ni ban sani ba. Na tsufa a aikin nan, na kori yaran da daga baya na biya kuɗin ƙofa na kalle su, na kuma rungumi waɗanda ko shekara ba su yi ba suka watse. Wani gwiwa ce, wani giya, wani kewar gida, wani kuwa ba ka san dalili ba, kawai ya tsaya. Ka ga ƙafar nan tawa? Ni ma an raka ni tasha."

Manomin ya ce, "Ina zan same shi?"

Ya ce, "Ka zaga bayan katanga, wurin masu buga bulo. Wani lokaci nakan hango kansa yana leƙen mu."

Can ya same shi. Habila ya rame, siminti ya yi masa fari har gira, yana ɗauke da bulo a ka. Da ya ga ubansa sai ya tsaya cak, ya waiga kamar mai neman hanyar gudu. Sa'an nan ya sauke bulon a hankali ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yauwa. Tashi. Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kake. Uwarka ta ce in zo da kai."

Habila bai tashi ba. Ya ce, "Baba, ba ni da fuskar da zan shiga garin nan da ita. Ka faɗa a gaban ikilisiya, ka ce Ubangiji ne ya nuna maka. Ubangiji ba ya ƙarya. Tunda bai yiwu ba, ni ne na yi wani zunubi da ya hana. Na yi azumi, na tuba daga duk abin da na tuna, na je gwaji wurare da yawa. Ban san abin da ya rage ba."

Allah sarki. Sai a lokacin mutumin ya ga irin kayan da ya ɗora wa yaron. Shi yana can yana jin kunyar tambayar mutane, ɗansa kuwa yana nan yana zaton Allah ya juya masa baya.

Ya tsuguna a cikin ƙurar simintin nan, da rigar sujadarsa, ya ce, "Ka saurare ni. Ubangiji bai ce mini kome ba. Ni ne. Na gan ka a fili na ji daɗi, na rasa yadda zan faɗa, sai na sa maganata a bakin Allah. In akwai mai zunubi a nan, ga shi a gabanka."

Habila ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ban taɓa jin ka yabe ni ba sai ran nan. Na ɗauka in ba ƙwallo, shi ke nan."

Uban ya ce, "Shekarar da uwarka ta kwanta ciwo da damina, rafi ya cika, wa ya goya ta har bakin titi? Ran nan na so in ce maka sannu, na kasa. Tun ran nan ya kamata in miƙe a majami'a."

Habila ya fashe da kuka, irin kukan da namiji ke yi in ya daɗe yana riƙewa. Masu buga bulo suka kau da kai, kowa ya kama aikinsa.

Da ya natsu ya ce, "In mun koma, me za ka ce wa mutane?"

"Zan ce ɗana ya dawo. Mai tambayar talabijin ya zo wurina, ni na buɗe baki."

"Ba zan iya tafiya yanzu ba. Na yi wa maigidan wurin nan alkawari zan kwashe bulon nan yau."

Manomin ya dubi tulin bulon. Ya tuɓe rigarsa ya rataye a kan katanga, ya naɗe gammo ya ce, "To, ɗora mini."

Haka suka yi ta kwasa, uba da ɗa, har suka gama kafin la'asar, suka wanke jiki suka nufi tasha.

Lahadi na zuwa mutumin ya roƙi fasto ya ba shi dama, ya janye maganarsa a gaban jama'a, ya roƙi gafara. Ba a yi guɗa ba. Wasu sun yi wa Habila ba'a na ɗan lokaci, suka gaji suka bari. Ya koma makaranta ya maimaita aji, ya rubuta jarrabawarsa. Ran Asabar yakan buga wa 'yan garinsu, wata rana ya ci, wata rana a ci su. Abin da zai zama kuwa, ba wanda ya ƙara cewa ya sani.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, ku buɗe kunne, yara da manya.

Manomin nan mu ne, iyaye da kakanni da kawunai, har da ku dattawa masu riƙe hannun mutum bayan sujada. Ba mugu ba ne, kun gani. Ƙauna ce ta cika shi. Amma ƙauna in ba a iya faɗinta ba, takan fito ta wata hanya ta danne yaro. Filin makaranta kuwa shi ne ɗan wurin da muke tsayawa mu auna 'ya'yanmu. Muna ganin yaro ya fi na kusa da shi, sai mu ce ya fi duniya. Ina muka ga duniyar?

Ku da kuke noma kun sani, gero da dawa gona ɗaya ake shuka su. Gero ya yi kai ya nuna, dawa tana nan kamar ciyawa. Baƙon da ya zo a watan nan zai rantse dawar ba ta da amfani. Haka yara suke. Wani da wuri yake fitowa, wani sai an manta da shi. Kuma ko dawar da ta yi kyau, ba ka san abin da tsutsa ko ƙarancin ruwa za su yi mata ba kafin kaka. Mutumin da ya tsufa da usur a wuya ya ce bai sani ba, balle ni da ku da muke kallo daga wurin masu rake. Gobe a hannun Ubangiji take, bai ba kowa ajiyarta ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan: kada ka ɗauki burin zuciyarka ka ce Allah ne ya faɗa. In kana fata, ka ce ina fata. In kana roƙo, ka ce ina roƙo. Amma in ka ce "Ubangiji ya nuna mini" alhali bai nuna ba, ranar da abin ya ƙi, yaron ba kai zai zarga ba. Kansa zai zarga, ko ya zargi Allah. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ku kuma jikokina masu tamaula, ban ce ku daina ba. Ku buga, ƙafar ma baiwa ce daga Allah, wataƙila a cikinku akwai wanda zai yi nisa, ni dai ban san wane ne ba. Wanda ake ɗauka sama yau, kada kansa ya kumbura, ya koyi ba ɗan'uwansa ƙwallo, ya kuma rubuta jarrabawarsa. Wanda ke zaune a benci kada ya ce an gama da shi. Ubangiji bai jira ya ga wasanku kafin ya ƙaunace ku ba. Tun kuna ciki ya san ku, tun ba ku da ƙafar da za ta taka ƙasa.

Mu manya, kunya tana da kyau, da ita aka rene mu. Amma kada ta kai yaro ya girma a gidanka bai taɓa jin "sannu, ka kyauta" ba sai ranar da ya ci kofi. Ka faɗa masa ranar da ya ɗebo ruwa. Ka faɗa masa ranar da ya faɗi gaskiya aka doke shi. In kuma ranar ta zo da za ka raka shi tasha, ko gwajin ƙwallo ne, ko na soja, ko na wata makaranta, ka ajiye zancen Turai. Ka kama hannunsa ka ce masa, "Je ka, Allah ya taimake ka. Ko sun ɗauke ka ko ba su ɗauke ka ba, ka dawo gida, tuwonka na nan a rufe."